Tsofaffin Sunayen Mata a Birnin Kano

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Mazugal, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Kano da ke kusa da Dutsen Dala, har yau ana raɗa wa jaririya suna ne a rana ta bakwai da haihuwarta, inda maza kan taru a ƙofar gida da sassafe, a raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a yanka rago, sa'annan wanzami ya yi mata askin suna. Sunan da aka bayyana a wannan zama shi ake kira sunan yanka, kuma kusan kullum na Musulunci ne, kamar Hadiza da A'isha da Fatima da Zainabu da Hauwa'u da Rakiya. Waɗannan sun daɗe a ƙasar Hausa, domin tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, mahaifiyar Sarki Abdullahi wanda ya gaji mahaifinsa Muhammadu Rumfa a 1499, kamar yadda sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) bai taɓa fita daga bakin mutane ba.

Abin da ya raya su shi ne al'adar takwara, wato mayar wa jaririya sunan kakarta ko gwaggonta domin girmamawa. Sai dai al'adar tana tafe da wata, ita ce alkunya, domin matar kirki ba ta kama sunan surukarta, haka kuma uwa kan ɓoye sunan 'yarta ta fari, saboda haka dole a nemo wani sunan da za a riƙa kiran yarinyar da shi, wanda ake ce wa laƙabi. Ta nan ne Uwani da Ummi da Inna suka samu, kuma ta nan ne sunayen Larabci suka sami 'yan rakiya na gida: A'isha ta zama Indo, Hadiza ta zama Dije, Maryamu Mairo, Zainabu Abu, Hauwa'u kuwa Kulu ko Maijidda.

Laƙabin gargajiya ya fi sunan yanka ba da labari, domin tun ba a san takardar haihuwa ba shi ne yake riƙe da bayanin yadda yarinya ta zo duniya. Ladi ranar Lahadi aka haife ta, Altine Litinin, Talatu Talata, Balaraba ko Larai Laraba, Lami Alhamis, Jummai Juma'a, Asabe kuwa Asabar. Azumi a watan Ramalana ta zo, Tasalla da salla, Marka lokacin da damina ta kankama. Delu ko Kande ita ce macen da ta biyo bayan maza a jere, Gambo ta biyo tagwaye, Auta kuma ita ce rufin ƙofa. Duk tsohuwar da ta ji an kira Delu a zaure ta riga ta san cewa gidan ya jima yana jiran 'ya mace, ba sai an yi mata bayani ba.

Waɗannan ne suke ɓacewa, kuma hasarar ba ƙarama ba ce. Sunan yanka yana nan daram a kan takarda, amma laƙabin da ke lulluɓe shi ya koma Iman ko Afnan ko Hanan ko Ilham, waɗanda suka shigo ta hanyar zuwa Makka da tashoshin tauraron ɗan'adam da finafinai da littattafan soyayya. Ba laifi ba ne sunan ya zama sabo, amma abin takaici ne a ce yarinya tana jin kunyar Talatu wai sunan 'yan ƙauye ne, alhali a cikin ganuwa aka haifi kakarta da ta amsa shi. Musulunci bai hana laƙabi da harshen mutum ba, abin da ya ƙi shi ne suna mai mummunar ma'ana, irin waɗanda Annabi (SAW) ya canza wa wasu sahabbansa.

Wannan sharaɗi ne ya sa ba kowane tsohon suna ya cancanci a farfaɗo da shi ba. Ajuji da Ayashe sunayen wabi ne, wato na yarinyar da yayyenta suka yi ta rasuwa tun suna jarirai, aka ba ta suna mai nuna kamar ba a damu da ita ba bisa camfin cewa hakan zai sa ta rayu. Suna ɗauke da ciwon wani zamani, kuma bai kamata a ɗora wa 'yar yau nauyinsu ba.

Iyayen da suke son tsohon suna ba sa bukatar barin sunan yanka, abin da ya rage musu shi ne su zaɓi laƙabin da ya dace da haihuwar, su rubuta shi tare da sunan yanka a takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da rajistar makaranta, su kuma riƙa kiransa a gida, domin wanda uwa ta saba kira shi ne yake bin yarinya. Marubuciyar Kano Balaraba Ramat Yakubu da laƙabi duniya ta san ta, haka ma 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001), wadda sunanta na yanka Hajaratu ne, amma babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya da Gambo yake amsawa.