Tafiyar bishara ta mako biyu: Abin da ke jiran mai jin Hausa idan ya tashi daga Agege

Idan aka ambaci Agege, abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne zango da cinikin goro da fadar Sarkin Hausawa, da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano tun farkon ƙarni na 20. Ba a cika tunawa da wani rukuni na masu jin Hausa a wannan yanki ba, wato Kiristocin Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa da Kudancin Borno, waɗanda neman abinci ko aikin ɗamara ya kawo su Legas. Da Hausa suke sujada ranar Lahadi a majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN, kuma idan wata ƙungiyar mishan ta shirya gajeriyar tafiyar bishara zuwa ƙasashen maƙwabta, harshen da ke bakinsu na daga cikin abubuwan da ta fi bukata.

Tafiyar ba ta da wuyar fahimta. Ayari ne na masu sa kai, yawanci matasa da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, da kan bar aikinsu na mako ɗaya zuwa wata uku, su je su taya wata ikilisiya ko asibitin mishan aiki a wata ƙasa. Ba a biyansu albashi. Kuɗin mota da na abinci daga aljihunsu yake fitowa, ko daga baikon da 'yan majami'arsu suka tara. Musulmin da ya san wa'azin ƙasa da ƙasa na ƙungiyar Izala, ko fitar kwana arba'in ta 'yan Tabligi, zai gane tsarin nan take, ko da yake saƙon ya sha bamban.

Salon ya samo asali ne daga Turai da Amurka, inda ƙungiyoyi kamar Operation Mobilisation, wadda ta fara a 1957, da YWAM, wadda aka kafa a 1960, suka buɗe wa matasa ƙofar aikin da a da sai wanda ya sadaukar da rayuwarsa gaba ɗaya ke shiga. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya a kowace shekara.

Najeriya kuwa ta daɗe tana karɓar 'yan mishan kafin ta fara turawa. A Legas ɗin nan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a watan Disamba na 1893, da niyyar isa ƙasar Hausa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans da Kent sun rasu, amma daga wannan yunƙuri aka samu mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954. Reshen bishara na ECWA, wato EMS, ya ma girmi cocin da 'yan shekaru. A 1975 wasu matasa suka kafa CAPRO a Zariya, sannan a 1982 aka samu NEMA, inuwar da ta haɗa ƙungiyoyin mishan na ƙasar nan. Ta irin waɗannan kafofi ne mai sha'awar gajeriyar tafiya kan samu wanda zai karɓe shi a can.

Daga Agege hanya biyu ce. Ta yamma ita ce mafi kusa: a bi ta Badagry, a tsallaka iyakar Seme, sai Kwatano da Lome da Ankara, inda kowane birni ke da zangonsa, kuma Hausa ke tafiya a Nima da Sabon Zango kamar yadda take tafiya a kasuwar Agege. Ta arewa ita ce mai tsawo, zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. A can ne asibitin Galmi yake, wanda SIM ta buɗe a 1950 a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, da kuma cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja kusa da Maraɗi.

A nan ne ɗan Agege ya sha gaban baƙon da ya taso daga Amurka. Dakta Walter Miller sai da ya je Tarabulus koyon Hausa kafin ya doshi Kano a 1900, inda Sarki Alu ya sallami ayarinsu bayan 'yan kwanaki, kuma sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya yi wa hidima. Abin da ya ci wa Miller shekaru, ma'aikaciyar jinya 'yar Kagoro ko Biliri da shi ta tashi tun tana goye. Ba ta bukatar tafinta kafin ta tambayi uwa tun yaushe zazzaɓi ya kama ɗanta, ta kuma san yadda ake sallama a ƙofar gida da yadda ake gaida dattijo.

Sai dai wannan falala tana da nata nauyin. Bature idan ya yi kuskure, akan yi masa uzurin baƙunta. Mai jin Hausa ba ya samun wannan rangwame, domin ana ɗauka ya san abin da yake faɗa. Kalma ɗaya ta raini ga addinin mutanen gari na iya ɓata zaman lafiyar da faston wurin ya yi shekaru yana ginawa da maƙwabtansa Musulmi, kuma bayan mako biyu baƙo zai hau mota ya koma Legas, ya bar mai masaukinsa da abin da ya biyo baya. Kiristocin Nijar 'yan tsiraru ne, kuma ba su manta da watan Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata mujalla ta buga a Faransa, abin da ba su da hannu a ciki.

Batun takardu ma ya sauya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zama har kwana 90 ba tare da biza ba, kuma hakan na aiki a Benin da Togo da Gana, muddin mutum na riƙe da takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka wajibi ne a bincika ƙa'idar da ke aiki kafin a kama hanya. Ga kuma matsalar tsaro: an sace Jeffery Woodke, ɗan mishan Ba'amurke, a Abalak a watan Oktoban 2016, bai kuɓuta ba sai Maris na 2023.

Tambayar da ta fi tayar da ƙura a tsakanin Kiristoci kansu ita ce ta kuɗi. Littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert, wanda ya fito a 2009, ya soki irin taimakon da ke kashe zuciyar wanda ake taimaka wa, kuma sukar ta shafi ayarin Legas kamar yadda ta shafi na Amurka. Idan mutum goma sha biyu suka kashe kuɗin mota da masauki domin su je su shafa wa majami'a fenti, alhali garin na da masu fenti da ke zaune babu aiki, zai yi wuya a ce mutanen gari ne suka amfana. Da an aika wa mai wa'azin da ke zaune a wurin da wannan kuɗi, da ya riƙe shi da iyalinsa na tsawon watanni. Masu kare tafiyar na cewa da yawa daga cikin waɗanda suka zama 'yan mishan na dindindin daga irin wannan ziyara suka fara, kuma wanda ya gani da idonsa ya fi sakin hannu idan aka zo tara baiko. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma amfanin da take nunawa na matafiyi ne da majami'arsa.

Inda ba a cika jayayya ba shi ne aikin ƙwararru. Likitan tiyata ko ungozoma da ta karɓi aikin wata na tsawon wata guda a asibiti irin na Galmi tana cike giɓin da masu asibitin ne da kansu suka nuna, tana aiki ƙarƙashin waɗanda za su ci gaba da duba majinyacin bayan tafiyarta, kuma idan Hausa ce a bakinta, ranar da ta sauka za ta iya shiga ɗakin haihuwa.