Launi Mai Duhu a Bangon Ɗaki: Darasi Daga Maginan Birnin Kano

A 'yan shekarun nan, shafa wa bango fenti mai duhu, kamar shuɗi mai turuwa ko ruwan toka da ya kusa zama baƙi, ya samu karɓuwa a sababbin gidaje da ɗakunan amare, galibi saboda hotunan gidajen ƙasashen waje da ake gani a waya. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan salo a matsayin baƙon abu, alhali kuwa cikin birnin Kano ya daɗe da sanin bango mai duhu, kuma maginansa sun gano tun da daɗewa cewa irin wannan launi ba ya ƙawata ɗaki sai an haɗa shi da tsawon rufi da sheƙi da hasken da aka san ta inda zai shigo.

Duhun bangon gargajiya ya samo asali ne daga kayan aikin da ake kare ginin ƙasa da su. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar 'ya'yan ɗorawa bayan an cire garin da kalwar, ana jiƙa ta ne a ruwa har ta saki wani sinadari mai ɗaure ƙasa, sannan a kwaɓa yaɓe da ruwan ko a yayyafa shi yayin daɓe, ta yadda bango ko ƙasan ɗaki zai yi ƙarfi, ya rage shan ruwa, ya kuma ɗauki launin ja mai duhu da Hausawa ke kira ruwan makuba. Haka nan katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, yana shiga cikin haɗin laso, wanda ya kasance simintin Bahaushe kafin zuwan na kanti. Ta wannan hanya ne marina irin ta Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta zama abokiyar aikin magina.

Inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa shi ne Gidan Rumfa, fadar da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga fadar a 1851, kuma ya bayyana soron da aka karɓe shi a matsayin wuri mai duhu amma mai kwarjini, inda manyan bakan gizo da aka goge sumul suke ɗauke da rufi mai tsawo. Bakan gizo shi ne ginshiƙin ƙasa mai lanƙwasa da ake ƙarfafawa da azara, wato itacen giginya, domin ya tallafi rufi ba tare da an tsayar da gwafa a tsakar ɗaki ba. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, rahoton Gwamna Lugga ya ambaci soron fadanci da aka yi wa zane da baƙi da fari da kore da rawaya, kuma rawayar ta fito ne daga wani yashi mai ƙyalƙyali. Baƙin bango a nan fage ne da aka shimfiɗa domin zane da ƙyalli su fito fili, kamar yadda rawanin ɗan Kura ba ya cika kyau da turuwar shuni kaɗai sai ya sha bugu ya yi sheƙi.

Ilimin kimiyya ya bayyana dalilin wannan tsari. Duk hasken da ya faɗa kan bango, wani kaso nasa yana dawowa cikin ɗaki, saura kuma bangon ya shanye shi. Farin fenti yakan mayar da kusan kashi 80 cikin 100, yayin da baƙi ko shuɗi mai turuwa ba ya mayar da abin da ya kai kashi 10, don haka ɗaki mai duhun bango yana buƙatar fitila mai ƙarfi fiye da farin ɗaki kafin a iya karatu ko ɗinki a cikinsa. Amma a garin da rana take da kaifi kamar Kano, wannan shanye haske yana da amfani, domin yana hutar da idon wanda ya shigo daga tsakar rana, kuma duk abin da ke da ƙyalli yakan ƙara fitowa idan bayansa ya yi duhu. Wannan ne ya sa jeren tasoshi da kwanukan kwalla na ɗakin amarya yake ɗaukar ido ko da hasken da ke shigowa ta ƙofa bai taka kara ya karya ba.

Batun zafi kuwa yana buƙatar a bambance ciki da waje. Bangon waje da rufin da rana ke duka kai tsaye suna ƙara ɗaukar zafi idan launinsu ya yi duhu, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, hakan yana ratsawa har cikin ɗaki. Bangon ciki da rana ba ta taɓawa kuwa, launinsa ba ya ƙara zafin ɗaki sosai. Sanyin soron gargajiya yana zuwa ne daga kaurin ginin tubali, wanda ke jinkirta shigowar zafin rana har zuwa dare, da tsawon rufi da ke ba iska mai zafi damar tashi sama, da kuma ƙananan tagogi.

Matsalar ita ce yawancin ɗakunan da ake ginawa yau a lungunan cikin birni ba su da waɗannan sharuɗɗa, domin ginin bulo ne mai siririn bango da gajeren sili, tagarsu kuma sau da yawa tana kallon katangar maƙwabci, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. A irin wannan ɗaki, shafe bango huɗu da launi mai duhu yana ƙara ƙunci, ƙurar hunturu tana saurin bayyana a kansa, sauro kuma yana son fakewa a wurare masu duhu. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware bango guda, musamman wanda ke bayan gado ko kujeru, a bar sili da sauran bangaye da launi mai haske, sannan a sa fitila ko madubi ko kayan tagulla a inda za su karya duhun. Idan ginin na ƙasa ne, shafa masa fentin mai yana toshe hanyar da danshi ke fita, wanda kan jawo kumburi da zubewar yaɓe bayan damina. Ya kamata kuma mai saye ya bincika ko fentin mai da zai saya ba shi da dalma, domin gubarta tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce.

Wanda ke sha'awar wannan launi zai fi amfana idan ya ziyarci Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ya lura da yadda aka auna tsawon soro da wurin shigowar haske, kafin ya nufi shagon fenti. Masu zanen gine-gine da makarantun da ke horar da su suna da nauyin rubuta yadda ake haɗa makuba da laso daga bakin tsofaffin magina, domin kowane soron ƙasa da aka rushe aka mayar da shi bulo yana tafiya da wani ɓangare na wannan sani, kuma masu riƙe da shi a cikin birni suna raguwa.