Yadda Ake Kula da Daɓen Mabul a Maraɗi

Duk wanda ya shiga sabbin gidajen Maraɗi zai ga falo yana walƙiya da karo, wato tayil. Sai dai yawancinsu tangaran ne mai kama da mabul. Mabul na gaskiya dutse ne mai laushi, ɗan'uwan farar ƙasa, kuma tsami na cin sa.

Shi ya sa lemun tsami, ruwan tsamiya da ruwan wanke masai ke dusashe shi. Idan zoɓo ya zube, tabo biyu yake bari: ja, da wani fari-fari inda tsamin ya ci fuskar dutsen. A ɗora tsumma ya shanye shi nan take, kada a goga.

Babban abokin gaba shi ne rairayi. Ƙurar hunturu, da yashin da takalmi ke kwasowa daga wuraren da ke kusa da garin, kamar Tibiri ko lambunan Jiratawa, suna karce daɓen kamar an bi shi da sanfefa. Tabarma a bakin ƙofa da tuɓe takalmi sun fi kowane magani.

A share da tsintsiya mai laushi, a goge da ruwan ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, sannan a busar da tsumma, domin ruwan rijiya kan bar zane idan ya bushe da kansa.