Bayan Daina Maganin Tsinka Jini: Abin da Gwajin D-dimer Ke Nunawa

Idan kun taɓa fama da gudan jini a jijiyar ƙafa ko a huhu, likita ya ɗora ku kan maganin tsinka jini, irin su warfarin, Sintrom ko rivaroxaban, na tsawon wata 3 ko fiye. Da wa'adin ya cika sai tambaya ta taso: a daina ko a ci gaba? Kowanne da haɗarinsa. Dainawa na iya bai wa gudan damar dawowa, daɗewa kan maganin kuma na iya jawo zubar jini.

Abu na farko da likita ke dubawa shi ne musabbabin ciwon. Idan tiyata ce ko karaya ta haddasa shi, ba kasafai yake dawowa ba. Idan kuwa ya zo haka kawai ba tare da sanannen dalili ba, kimanin mutum 1 cikin 10 kan sake kamuwa a shekarar farko bayan daina magani, kuma abin ya fi yawa ga maza. Ga irin waɗannan ne gwajin jini ke da amfani.

Yadda gwajin yake

Duk lokacin da jiki ya narkar da gudan jini, yakan bar wasu ƙananan ɓurɓushi da ake kira D-dimer. Yawansu alama ce ta cewa jini na saurin daskarewa. Maganin tsinka jini yana rage su, shi ya sa akan ɗebi jinin kimanin wata guda bayan an daina shan sa.

Wani bincike da aka gudanar a Italiya, aka buga a 2006, ya bi diddigin masu irin wannan ciwo. Cikin waɗanda D-dimer ɗinsu ya hau ba su koma kan magani ba, kashi 15 cikin 100 sun sake samun gudan jini. Cikin waɗanda suka koma, kimanin kashi 3 ne kawai suka gamu da matsala.

Iyakar gwajin

Sakamako mai kyau yana nuna haɗarin ya ragu, ba wai ya gushe ba, musamman ga maza. Haka kuma juna biyu, tsufa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon sikila, ciwon daji da tiyata duk suna iya ɗaga shi. Saboda haka likita ne zai haɗa sakamakon da tarihinku kafin ya yanke shawara.

Ga masu ƙetare iyaka

Ma'aunin ɗakunan gwaji ya bambanta, don haka adadin da aka samu a Maraɗi ba lallai ya dace da na Katsina ba. Ku riƙe ainihin takardar sakamakon, da sunan maganinku, da ranar da kuka daina. A takardar Faransanci za ku ga an rubuta D-dimères. Kada ku rikita shi da INR, wanda ke auna ƙarfin warfarin ko Sintrom a jiki.

Kada ku daina magani ko ku koma kansa bisa raɗin kanku. Idan kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko kuka yi tarin jini, ku garzaya asibiti mafi kusa nan take, ko da gwajinku na baya ya yi kyau.