Gargaɗi: Kada a Ba Mai Ciwon Zuciya Kafso Ba da Sanin Likita Ba

Jama'ar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Bichi, Minjibir, Gezawa da Gabasawa, musamman gidan da ke da mai jego mai kumburi ko dattijo mai shan maganin zuciya, wannan magana taku ce, kuma ba ta jiran gobe.

Da damina ta kankama ruwan rijiya ya gurɓace, gudawa sai ta shiga gida-gida. Kowa ya san abin da ake yi. A tura yaro kemis, ko a tsai da mai tallar magani ranar kasuwa, ya sauke tirensa da ya wuni a rana, ya yago kafso biyu ja da yalo, ya ƙara Flagyl, ya ce a haɗiye. Ba ya tambayar wa zai sha, balle ya san me ke cikin jikinsa. Ga mai ciwon zuciya, wannan kafso yana iya zama ajali.

Ga dalili. A hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda likitoci ke kira bakteriya. Yawancinsu ba cuta ba ne, aiki suke mana. Duk maganin da aka haɗiya sai ya ratsa ta cikinsu, kuma wasunsu suna cin rabonsu kafin ya kai jini, kamar ɓeran rumbu da ke rage hatsi maigida bai sani ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun gwada magunguna 271 da nau'in bakteriyar hanji 76, suka tarar 176 daga cikin magungunan akwai bakteriyar da ke sauya su.

Wanda ya fi shafar mu shi ne digoxin, 'yar farar ƙwayar nan da ake ba wasu masu raunin zuciya. Tun 1981 likita John Lindenbaum da abokan aikinsa a birnin New York suka nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da bakteriyar da ke lalata wani kaso na wannan magani a hanji. Sunanta Eggerthella lenta. Likita yana daidaita wa irin wannan mutum ƙwaya har ya ga ta yi daidai da jikinsa. A binciken, sai aka ba wasu masu wannan bakteriyar tetracycline, wato ja da yalon nan, ko erythromycin, na kwana biyar. Bakteriyar ta mutu, abin da take ragewa ya zube cikin jini gaba ɗaya, har digoxin ɗin wasu ya kusa ninkawa, alhali ba su ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Shi kuwa digoxin, tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa, tazarar ƙanƙanuwa ce. In ga gudawa, ga maganin sa fitsari da ake haɗa wa masu kumburi, gishirin fotasiyam na jiki ya ragu, haɗarin ya ƙaru. Babu mai gane wane ne ɗaya cikin goman nan ta kallon fuska.

Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne matanmu. Raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Binciken likitoci a Zariya, Sakkwato da Kano ya samu kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Kun san ta: ƙafa ta kumbura, in an danna yatsa rami ya zauna, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari duk dare. An kai ta birni, an rubuta mata magani, ta fara samun sauƙi. Sai cikinta ya ɓaci, uwar miji ko ƙanwa, don tausayi, ta miƙo mata kafso.

Masu shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, su ma su ji. Bakteriyar hanji na samar da bitamin K mai taimaka wa jini ya tsaya, in magani ya kashe ta bitamin ɗin na iya raguwa, kuma Flagyl da Septrin suna hana hanta fitar da warfarin da wuri. Haɗa su da warfarin yana iya jawo haɓo, jinin dasashi, fitsarin jini ko baƙin bayan gida.

Don haka, in gudawa ta kama mai shan maganin zuciya, a fara da ruwan gishiri da sukari na leda, a kai shi asibiti a ranar. Kada a sayo kafso. Duk inda za a je, ko asibitin sha-ka-tafi ne, a tattara dukkan magungunansa a leda, har na gargajiya, a zube gaban ma'aikacin lafiya kafin ya rubuta sabo. In likita ya san abin da ake sha ya kuma rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sha yadda ya ce, a tambaye shi ranar dawowa.

Ku kuma masu kemis, don Allah tambaya ɗaya kafin ku yaga kati: “Wa zai sha, kuma yana kan wani magani?” In aka ce zuciya, ku mayar da kuɗin ku tura asibiti.

In mai shan digoxin ya riga ya sha kafso, ku lura da tashin zuciya, amai, ƙin abinci, ruɗewa, ganin abubuwa sun koma rawaya-rawaya ko dishi-dishi, bugun zuciya ya yi sanyi ko yana tsalle. Ko ɗaya aka gani, kada a ƙara digoxin kafin a ga likita, kada a ce mayu ne ko shawara. A nemi mota ko babur a nufi Babban Asibitin Ɗambatta, Bichi ko Gezawa, ko da tsakar dare ne, a tafi da ledar magungunan da katin kafson da aka sha.