Injin GX160: Inda Ya Dace Mai Koyon Gyaran Inji Ya Fara

Manomin rani da injin ban ruwansa ya mutu ana tsakiyar shayar da tumatir ya san darajar kwana biyu. Kafin bakanike ya zo daga gari, shuka ta fara yaushi. Alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce abin da mai injin zai iya gyarawa da sufana da sukudireba ba.

Injin Honda GX160, da ire-irensa na China masu lamba 168F, su ne ke juya famfunan ban ruwa da janaretoci da injinan markaɗe da dama. Silinda ɗaya gare shi mai girman cc 163, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle tarkacen wayoyi. Shi ya sa ya fi injin mota daɗin koyo nesa ba kusa ba. Kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano.

Babban kuskuren sabon hannu shi ne gaggawar farke inji. Abu uku inji ke buƙata kafin ya tashi: wuta, mai, da matsin iska a cikin silinda. A fara duba baƙin mai, domin yawancinsu na da na'urar da ke yanke wuta idan man ya yi ƙasa. Cikinsa bai kai lita ɗaya ba, kusan 0.6 ne. Sai a kwance fulogi, a jingina shi da ƙarfen injin, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi alama ce ta lafiya. Tazarar bakin fulogin ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8. In wuta na nan, galibi laifin kafireta ne: fetur da ya daɗe a ajiye yakan daskare ya toshe siririn ramin da mai ke bi. Wankewa kawai yake so.

Sai idan igiya ta zama sakwaf babu tauri, ko injin na fitar da shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai, sannan ake maganar buɗe shi. Ko a nan ma a fara auna tazarar bawul injin na sanyi: milimita 0.15 a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi.

Wajen farkewa, wayar hannu ta fi kowane kayan aiki amfani. A ɗauki hoto kafin a cire kowane abu, a zuba notinan kowane sashe a leda daban. Wajen haɗawa ne ake yin ɓarna. Sabbin ringi na fistin ba a jera bakunansu a layi ɗaya, ana karkasa su ne a kewaye don kada matsi ya zurare. Alamar da ke jikin giyar karanshaf dole ta yi daidai da ta giyar kamshaf, in aka kuskure haƙori ɗaya injin ba zai yi aiki daidai ba. Notinan kwanrod ana ɗaure su da Nm 12, na kan silinda Nm 24, kuma da sufana mai ma'auni, ba da ƙarfin damtse ba. Jikin injin alminiyam ne, ɗauri ya yi yawa zaren ya tsinke. Tsohon gasket kuwa ba a mayar da shi, komai kyawunsa a ido.

Idan cikin silinda ya yi zane mai zurfin da farce ke kamawa, sabon ringi ba zai yi magani ba. Wannan aikin masu injin gogewa ne. Gwajin farko kuma a yi shi a fili, domin hayaƙin inji na ɗauke da iskar gubar da ba ta da wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.