3.4 Iliya Ɗan Maiƙarfi da Karon Alheri da Sharri a Finafinan Rasha

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, jigon karo tsakanin alheri da sharri ya mamaye tatsuniyoyi da littattafan jarumtaka na Hausa. A wannan sashe za a dubi yadda jigon ya fito a finafinan almara na ƙasar Rasha, wato waɗanda ake nuna dodanni da mayu da matsafa a cikinsu. Ana iya tambayar abin da ya haɗa nazarin Hausa da finafinan Rasha. Abin da ya haɗa su shi ne Iliya. Daga birnin Kano har zuwa garuruwan yammacin Zamfara irin su Gwashi, da wuya a sami wanda bai taɓa jin an ce "ƙwalele dokin Iliya" ba, ko da kuwa bai san inda maganar ta samo asali ba.

Littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi na Malam Ahmadu Ingawa ya fito a Zariya cikin 1951. Manazarta adabin Hausa sun nuna cewa tushen labarin yana cikin tsofaffin waƙoƙin baka na Rashawa, waɗanda suke ba da labarin wani jarumi mai suna Ilya Muromets. Ko sunayen da ke cikin littafin ma sun isa shaida. Sarki Waldima shi ne Vladimir, wanda ya mulki Kiyef daga 980 zuwa 1015, birnin Kib kuwa shi ne Kiyef ɗin, babban birnin ƙasar Yukiren. Wargaji ya yi daidai da wani ƙato da Rashawa suke kira Svyatogor. A waƙoƙin, Ilya ɗan manoma ne daga ƙauyen Karacharovo kusa da Murom. Ya shekara 33 a gurgunce, sai waɗansu matafiya masu yawon ibada suka zo suka roƙe shi abin sha. Ya miƙe ya kawo musu, suka ce ya sha, nan take ƙarfi ya zo masa. Duk wanda ya karanta littafin Ingawa ya san wannan mafari.

Shekara biyar bayan fitowar littafin, wato cikin 1956, kamfanin Mosfilm na Tarayyar Sobiyet ya fitar da fim ɗin Ilya Muromets. Aleksandr Ptushko ne ya ba da umarni, Boris Andreyev kuma ya fito a matsayin jarumin. A fim ɗin, rundunar wani azzalumin sarki mai suna Kalin ta afka wa ƙasar, aka sace matar Ilya, aka reni ɗansa a hannun abokan gaba don wata rana ya yaƙi ubansa. A fadar Vladimir kuma akwai wani bafade munafuki wanda ya yi ta kai sara har aka jefa Ilya kurkuku. Da wuya ta yi wuya aka fito da shi. Ya gane ɗansa a fagen fama, suka haɗa kai suka karya rundunar Kalin tare da dodonta mai kai uku da ke aman wuta.

A nan ne ya kamata a tsaya a lura da wani bambanci, domin shi ne ginshiƙin wannan sashe. Labarin ɗaya ne, amma inda jarumin ya samo ƙarfinsa ya bambanta. A wajen Ingawa, ƙarfin Iliya baiwa ce daga Allah, kuma gare Shi yake mai da al'amarinsa tun daga farko har zuwa ƙarshe, inda ya roƙa aka mai da shi dutse. Wato marubucin ya tarar da labari mai ruhin addinin Kirista, ya tuɓe masa wannan riga ya sanya masa ta Musulunci, amma bai taɓa asalin cewa nasara daga Ubangiji take ba. Shi kuwa Ptushko ya yi aikinsa ne a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu wadda ba ta yarda da addini ba. Saboda haka a fim ɗinsa ruwan wani tsiro ne matafiyan suka ba Ilya ya warke, suka kuma miƙa masa takobin Svyatogor. Abin da yake karewa shi ne ƙasa da talakawanta, kuma mugu shi ne baƙon da ya ƙetaro iyaka ko kuwa maci amanar da ke cikin fada. Abin mamaki a nan shi ne, ta fuskar imani littafin da aka buga a Zariya ya fi fim ɗin da aka yi a Mosko kusa da ruhin tsohon labarin, tun da Rashawa na dā waliyyi suka ɗauki Ilya, har cocinsu ya tabbatar masa da wannan matsayi cikin 1643.

Ba Ptushko kaɗai ya bi wannan hanya ba. Cikin 1945 Aleksandr Rou ya fitar da fim a kan Koschei, wani tsohon matsafi da ba ya mutuwa saboda ya ɓoye ransa a wajen jikinsa. 'Yan kallon da suka fito daga yaƙi da Jamus ba su bukaci a gaya musu wanda ake nufi ba. A irin waɗannan finafinai ana gane mugu tun daga fuskarsa, kamar dai yadda yaro yake gane Dodo a tatsuniya.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet cikin 1991 sai al'amarin ya sake salo. Fim ɗin Nochnoy Dozor, wato masu gadin dare, wanda Timur Bekmambetov ya shirya cikin 2004 daga littafin Sergei Lukyanenko, ya nuna rundunar haske da ta duhu sun gwabza sun ga ƙarfinsu ya zo ɗaya, sai suka yi sulhu, kowane ɓangare yana sa ido a kan ɗaya a titunan Mosko. 'Yan haske ne ma suke ba mashaya jini takardar izinin farautar mutane. Jarumin fim ɗin, Anton, ya taɓa zuwa wajen wata matsafiya, har ya yarda ta zubar da cikin matarsa. Yaron ya rayu, kuma da ya gane abin da ubansa ya nufa da shi sai ya zaɓi ɓangaren duhu. A fim ɗin 1956 ɗa ya baro rundunar sharri ya komo ga uba. A na 2004 laifin uban ne ya kora ɗan zuwa can.

Shi kansa Ilya bai tsira daga wannan sauyi ba. A fim ɗin Posledniy Bogatyr na 2017, wanda Dmitriy Dyachenko ya shirya, jarumin ɗan Ilya ne da ya tashi a Mosko yana damfarar mutane da sunan bokanci. Da ya koma duniyar ubansa, Koschei da tsohuwar mayyar nan Baba Yaga su ne abokan tafiyarsa, maci amanar kuwa shi ne Dobrynya, wanda a tsofaffin waƙoƙin aminin Ilya ne. Wannan kamar a ce marubucin Hausa ya mai da Dodo mai ceto, ya mai da ɗan sarki mugu. Finafinan Hausa da suka taɓo aljanu da bokaye ba su cika bin wannan hanya ba. Galibi boka yakan ƙare a wulaƙance, malami kuma ya yi nasara da addu'a, wato tsarin Ingawa ne suke bi. Yadda wannan tsari ya fito a cikinsu shi ne abin da sashe na 3.5 zai duba.